Faɗan Umma a Kaset

A layinmu ba mai kiran mahaifina da sunansa. Mai Kunne ake ce masa, sai ka ce sauran jama'a da gwiwa suke jin magana. Sunan ya bi shi har gida, ya zauna masa daram, ta yadda in wani baƙo ya kira shi da sunansa na gaskiya sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

Sana'arsa gyaran tsofaffin lasifikoki, irin manyan nan na katako da ake girkewa biyu-biyu a falo, waɗanda sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su ɗaga guda ɗaya. Shagonsa yana kallon nawa, titi ne kawai a tsakaninmu. Ni tela ce, kuma ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka duk yadin da ake rufe fuskar lasifika da shi, ni nake yankawa in ɗame shi. Bai taɓa yaba aikina a gabana ba. Sai dai in ji a bakin mai askin da ke maƙwabtaka da shi cewa ya ce duk garin nan ba mai hannuna.

Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi. Daga nan ya yi shekara tara a wani gidan silima, yana kula da lasifikokin da ke bayan allo. Ya ce bai taɓa kallon fim ko ɗaya daga gaba ba, amma ya san muryar kowane ɗan wasa, har wanda mura ta kama ranar ɗauka. Da silimar ta mutu aka mai da ita sito, sai ya tattara kayan aikinsa a akwati biyu ya kama wannan shago, kuma a nan furfura ta same shi.

Shagon dogo ne marar faɗi. In ka shiga, warin gam da na narkakkiyar dalma ne za su fara yi maka sannu da zuwa. Gwangwanayen madara jere a kan kanta, kowanne cike da sukurori, ba rubutu a jikin ko ɗaya, amma ka kuskura ka musanya biyu, zai gane kafin ya cire hula. A tsakiyar ɗakin akwai kujera ɗaya ta katako, ya zagaye ƙafafunta huɗu da farin fenti a kan siminti. Nan ne wurin saurare. Kowa ka zama, benci za a nuna maka, wannan kujerar kuwa ba a matsar da ita.

Baba ya raɗa wa komai suna. Kowane akwati baki uku gare shi. Babbar ta ƙasa, mai gurnani, ita ce uwa. Wadda muryar mutum ke fitowa ta cikinta, 'yar tsakiya. 'Yar mitsitsiyar ta sama kuma, mai fitar da siraran sauti, wadda sauran masu gyara ke ce wa tiwita, shi auta yake ce mata. “Auta ce mai shagwaɓa,” in ji shi, “ita ake fara ɓata wa rai.”

Yawancin waɗanda ake kawo masa, uwar ce ta tsufa. Soson da ya zagaye bakinta ya ruɓe, in ka taɓa shi sai ya marmashe kamar busasshen burodi. Sai ya kwantar da ita a kan tawul, ya kankare tsohon gam da reza a hankali, ya manna sabon soso, ya bar ta ta kwana biyu ba mai taɓa ta. Kafin ya haɗa waya sai ya ɗauko ƙaramin batir ya dangwala mata. In takardar da ke fuskar uwar ta yunƙuro waje, wayoyin sun zauna daidai, in ta noƙe ciki, an juya su. Zancen wutar da za ta tuƙa su kuwa, nan ne huɗubarsa take. Mutane suna tsoron babbar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, shi kuwa cewa yake ƙaramar ce makashiya. “Ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, ka murɗa ta har ƙarshe, ta shaƙe, sai ta huce a kan auta.” Tasa amfilifayar mai kwalabe ce, sai ta yi minti goma tana ɗumi, kwalaben sun yi ja, kafin ta yarda ta yi magana. Umma, mahaifiyata, ta ce halinsu ɗaya.

Samari kan shigo masa da 'yan lasifikokin roba na zamani, masu fitilu kala-kala. Yakan juya abin a hannu, ya shinshina, ya miƙa wa mai shi. “Wannan ba gyara yake so ba, ɗana. Ta'aziyya yake so, kuma na yi maka.”

Abu ɗaya ne ya hana mutanen layinmu sakat. In ya gama aiki, kafin ya kira mai kaya, sai ya kori kowa, ya rufe ƙofa da taga, ya yi kamar minti biyar a ciki shi kaɗai. Mai aski ya ce addu'a yake tofa musu. Wasu suka ce wata na'ura ce ya ɓoye tun zamanin silima. Ni kaina sai da na haifi 'ya'ya biyu kafin na sani, shi ma don na kawo yadi ne na tarar ya manta bai sa sakata ba.

Yana zaune a kan kujerar nan, ido a rufe. Daga cikin lasifikokin aka bugo ƙofa, garam! Sai wata murya ta cika ɗakin, muryar mace mai ƙuruciya, ranta a ɓace:

“Malam, wai ɗakin nan na mutane ne ko maƙabartar rediyo? Ƙarƙashin gado rediyo, bayan ƙofa rediyo, yanzu kuma tirena na baƙi ka zuba wa sukurori! To ka ji da kyau, in na haɗa maka shayi yau, a canja mini suna. Ka dafa waya ka sha.”

Umma ce, Umma tun kafin a haife ni, kuma har na waiga ina neman ta a bakin ƙofa.

Da Baba ya ga asirinsa ya tonu, sai ya ba ni labari. Shekararsu ta farko da aure ce, a ɗaki ɗaya suke zaune. Yana gwada wata rikoda da aka kawo gyara, ya manta tana ɗauka. Da faɗan ya taso, ya juya mata baya ya cusa kai cikin wata rediyo don kada ta ga yana dariya, ita kuwa ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Sai washegari ya gano abin da kaset ya kama. Ya adana na asali a gwangwanin biskit, yana kwafa yana aiki da kwafin.

“Uwata,” ya ce, don haka yake kirana, “kiɗa yana yi wa kunne ƙarya. Ban san yadda gangar mutumin take a zahiri ba, ba na wurin. Amma wannan muryar ita nake ji kullum ta Allah. In lasifika ta ƙara mata ko ta rage mata, a take zan kama ta.”

Abu uku yake saurare. Bugun ƙofar aikin uwa ne. Muryar aikin 'yar tsakiya ce. Na ukun kuwa sai da ya mayar da kaset ya ɗaga yatsa kafin na ji shi: can bayan muryar, wani siririn sauti, ƙil-ƙil-ƙil, kamar daga wani ɗaki. “Awarwaronta ne,” ya ce yana murmushi. “Tana faɗa tana wurga hannu. In auta ta fito da su, aiki ya gama.” Ya sa na yi alkawarin ba zan gaya mata ba, don ya ce ranar da ta ji, shi da kaset ɗin a waje za su kwana.

Shekara goma sha ɗaya na riƙe wannan alkawari. Wanda ya san irin hirar da ake yi a shagon tela ya san ba ƙaramin ƙoƙari na yi ba.

Bara ne abin ya faru. Wani tsohon hedimasta, wanda ya tsula wa rabin mazan layinmu bulala suna yara, ya sauke lasifika biyu a ƙofar Baba. Na wansa ne marigayi, sun shekara ashirin a sito ƙarƙashin tsofaffin littattafai. Ya yi ritaya, yana so ya sake jin fayafayen da suka saurara tare suna samari. Baba ya zagaye su sau uku, ya shafa katakon, ya ce rabonsa da ganin irinsu tun yana silima. Autocinsu na asali ne, kuma an daina ƙera irinsu tun da daɗewa.

Mako uku yana kansu. Ya sake wa uwayen soso, ya tsefe wayoyi, ya goge katakon da mai har kana ganin fuskarka. Ni kuma na ɗame musu yadi ruwan ƙasa. Ranar gwaji, tunda na riga na san sirrin, ya bar ni na tsaya a bayan kujera.

Ƙofa ta bugu har na ji a ƙirjina. Umma ta fara faɗa kamar tana tsaye a gabanmu. Siririn sautin nan kuwa, ban taɓa jin sa tar kamar ranar ba.

Baba ya buɗe ido, fuskarsa a murtuke. “Autocin sun mutu,” ya ce. “Duka biyun. Ko motsi ba su yi ba.”

A nan take abubuwa suka haɗu a kaina: wayarsa da take ta kuka a aljihu yana cewa wayoyin zamani ba su da murya, butar shayin da take ta yin fito a kan wuta bai tashi ba, jikokinsa da yake ce wa su daina cin magana. Ya juyo ya dube ni. “Ke kin ji wani abu?”

Na dubi mutumin da gari kaf yake ce wa Mai Kunne. Na ce, “Ban kula ba, Baba.” Ƙarya na yi masa, kuma tsoro ne ya sa ni, ba tausayi ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ƙaryar nan ta ja mana. Kwana biyar yana warware aikin da ba abin da ya same shi. Ya sake wayoyi, ya sake 'yan kayan cikin akwatin, ya ɗauko kaset na asali daga gwangwanin biskit ko kwafin ne ya gaji. Ya daina tsokanar mai aski, abincin da aka aiko masa ya koma gida yadda ya zo. Rana ta shida da hantsi na leƙa, na tarar ya jera sukudireba da reza a kan tawul. Autocin zai farke ya ga cikinsu, alhali shi da bakinsa ya sha gaya mini irin waɗannan in an farke su ba sa komawa.

“In na buɗe na ga lafiyarsu ƙalau,” ya ce, bai ko dube ni ba, “to na san inda ciwon yake. Sai in ba ki makullin nan ki faɗaɗa shagonki.”

Na ce, “Baba, don Allah ka ba ni awa ɗaya. Kada ka taɓa komai.”

Ban ko rufe shagona ba, na nufi gida. Na tarar da Umma tana shanya. Na zayyana mata komai, daga kaset har awarwaro har kunne. Na zaci za ta tashi gidan da faɗa, sai kawai ta ɗauko jiƙaƙƙiyar rigar Baba.

“Kunnen ai na sani,” ta ce. “Shekara biyu ke nan ina ɗaga murya, shi yana ganin tsufa ne ya ƙara mini masifa.” Ta matse rigar ta shanya. “Amma kaset ɗin nan... Ɗauko mini mayafina.”

Umma ta yi shekaru ba ta taka shagon ba, ta ce warin gam yana sa mata ciwon kai. Da mai aski ya hango ta, ya bar kan mutum rabi da rabi ya fito bakin ƙofa.

“Malam,” ta ce tun daga bakin ƙofa, “an ce shekara talatin da bakwai ina aiki a shagon nan ban sani ba.”

Baba ya dube ni. Ni kuma na dubi silin.

“Umman yara, ai ba haka ba ne...”

“Kunna.”

Ta nufi kujerar kai tsaye ta zauna, har ta ɗan ja ta gaba. Baba ya runtse ido kamar an taka masa yatsa. “Ɗan koma baya kaɗan, kan fentin,” ya ce a hankali. Ta watsa masa harara, amma ta koma. Muka tsaya jiran kwalabe su yi ja. Ban taɓa ganin minti goma mai tsawon wannan ba.

Ƙofa ta bugu, yarinyar nan ta fara zazzaga. Umma ta kai hannu ta rufe baki. Da aka zo kan “Ka dafa waya ka sha,” ta fashe da dariya har da hawaye. “Kai, yarinyar nan ba ta da kunya! Ashe haka nake? Sake mayarwa.”

Karo na biyu ba ta yi dariya ba. Ta karkatar da kai ta kasa kunne.

“Akwai wani abu a baya,” ta ce. “Ƙil-ƙil-ƙil.”

“Kin ji shi?” in ji Baba.

“Tar. Ta wannan da ta wancan. Har na ƙirga, sau goma sha biyu, sannan biyu a ƙarshe masu ɗan ƙarfi.”

Baba ya zauna a kan benci a hankali. Ya kai hannu ya taɓa kunnensa, ya sauke. “To, alhamdu lillahi,” ya ce. “Autocin hedimasta suna da rai. Ni ne dai awarwaronki suka fi ƙarfina.”

“Wane awarwaro?”

“Naki mana. Kina faɗa kina wurga hannu.”

“Malam! Ni da na sa su sati ɗaya da aurenmu suka feso mini da ƙuraje, na ba ƙanwata? Yaushe rabon da ka ga ƙarfe a hannuna?”

“To mene ne?”

“Cokali ne. Cokali a cikin kofin gilashi. Sau goma sha biyu nake juyawa sukari ya narke, in buga biyu a bakin kofi. Har yau haka nake yi.”

Baba ya ce, “Kina nufin kina cewa a canja miki suna...”

“Ina juya maka shayin,” ta ƙarasa masa. “Kai ka juya mini baya ka cusa kai a rediyo, ina za ka gani?”

Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza. Ban san dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba. Can ya share fuska da gefen rigarsa, ya sa hannu a aljihu ya zaro makullin shagon ya miƙo mini.

“Mayar da shi inda ka ɗauko,” in ji Umma. “Hannunka ne ya lalace? Ko hancinka ya daina shinshinar amfilifaya? Ka yi aiki da muryata ba izini, yanzu sai ka haɗa da kunnena, wannan karon da izini.” Idonta ya kai kan kanta ta sama, ta miƙe tsaye. “Wancan ba tirena ba ne?”

Shi ne kuwa, da sukurorinsa a ciki. Ranar dai tiren ya koma gida.

Hedimasta ya kwashi kayansa da autocinsa na asali ba wanda ya farke su. Bayan kwana uku ya dawo takanas don ya gaya wa Baba har numfashin mawaƙin yana ji, kamar yadda suke ji shi da wansa. Ni kuma na samu Baba na ba shi haƙuri kan ƙaryar da na yi. Ya ce, “Na sani tun ranar, Uwata. Ba ki iya ƙarya ba, sai dai ta ranar karɓar ɗinki.”

Mun kai shi asibiti, aka ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ya juya ta a hannu, ya shinshina, na yi sauri na taka masa ƙafa kafin ya yi wa likita ta'aziyya. Yana sa ta in jikoki sun zo, amma ya ce ba da ita za a yanke wa lasifika hukunci ba.

Mai aski kuwa, tunda komai a kan idonsa aka yi, kafin la'asar labari ya gama layin. Yanzu in Umma ta ɓullo daga kwana sai ka ji ana cewa, “Ga Kunnen Mai Kunne nan!” Baba ya ce mata, “Kin gani? An daɗe, amma an canja miki sunan.”

Ranar gwaji Umma takan zo da filas da kofin gilashi a cikin jaka. Ita ke zama a kan kujerar, ƙafafu a kan fenti. Ƙofa da murya har yanzu nasa ne, ba ta sa masa baki. Na ukun ne nata: in ta ɗaga yatsa, aiki ya gama, in ta girgiza kai, ya koma kan auta ba gardama. Sannan ta tsiyaya masa shayi, ta zuba sukari, ta sa cokali.

Ba ya jin cokalin, kuma ba zai sake jin sa ba. Amma ko me yake riƙe da shi sai ya ajiye, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta, ya zuba wa hannunta ido. Na sha ganin leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa har goma sha biyu, ba ya karɓar kofin sai ta buga biyun ƙarshe.